Ranar da Baffa Ya Duba Sawun Mota

Shekarun baya, lokacin da matata take da cikin ɗanmu na uku, na yanke shawarar cewa zamana da babur ya zo ƙarshe. Mu huɗu muke hawa: babbar 'yata a kan tanki, ƙaninta a tsakiya, uwarsu a baya da jaka da kwandon abinci. In muka ratsa cikin Dutse haka, 'yan a-daidaita-sahu har leƙo kai suke suna yi mana sannu, ni kuwa in ɗaure fuska kamar ba da ni ake ba. Na biyar ɗin da yake tafe ba shi da wurin zama sai dai in a wuyana.

Albashina ba zai sayi mota ba, wannan ko mai gadin ofishinmu ya sani. Amma ina da shanu. Mu mutanen ruga ne a wajen Kiyawa, kuma a gidanmu idan aka haifi yaro, ranar suna ake nuna wata karsana a ce tasa ce, duk abin da ta haifa nasa ne. Tawa ta yi albarka. Wasu daga cikin zuriyarta sun tafi a karatuna, wasu a aurena, uku suka rage a garken mahaifina, wanda muke kira Baffa. Suna ne kawai nawa. Ban taɓa cire musu kaska ba, ban taɓa bin su neman ruwa a tsakiyar rani ba. Shi ya yi ta fama da zuriyar karsanar nan fiye da shekara talatin, ina can ina zaune ƙarƙashin fanka.

Ni ɗan fari ne, don haka Baffa bai taɓa kiran sunana ba. "Malam" yake ce mini, kuma ko hakan ba kullum ba. Da na je masa da maganar, ya daɗe yana kallon sandarsa, sannan ya ce, "Dukiyarka ce, malam." Shi da kansa ya kora su kasuwar Shuwarin. Daga baya mahaifiyata ta gaya mini ranar bai ci tuwo ba, zama ya yi kusa da turakunsu har aka kira magariba.

Tun da na ji wannan hankalina bai kwanta ba. Na san in na zaɓi ruɓaɓɓiya, wahalar tsohon nan ce ta shekara talatin zan kai garejin makanike in ajiye, kuma babu sauran saniyar da zan sake sayarwa.

A wurin wani dillali a bakin titi na sami ƙananan motoci biyu da ƙarfina ya kai, kuɗinsu kusan ɗaya. Ta farko ja ce, Beljiyam, wato kwancen Turai, bai daɗe da kawo ta daga Kwatano ba. Otomatik ce, esinta kamar firji, fentinta kuwa sai ka gyara hularka a jikinsa. Ta biyu ruwan toka ce, ta girmi jar, giyar hannu ce, gilashinta ma da hannu ake murɗawa. Ƙofarta ɗaya ta ɗan fi sauran haske. Aka ce ta wani tsohon malamin makaranta ce a Taura da idonsa ya daina ganin titi.

Na tafi da wani abokina na ofis, mutumin da bai taɓa mallakar ko keke ba amma babu motar da bai san tarihinta a waya ba. Ko kallon mai ruwan tokar bai yi ba.

"Mutumina, wannan ma abin shawara ne?" in ji shi. "Ka shiga sakatariya da waccan, za a ɗauka masinja ne ya aro ta kakansa. Ka shiga da wannan kuwa, darakta ma sai ya sauke gilashi."

Gaskiya bai sha wahalar shawo kaina ba. Sau uku na koma wurin ba don komai ba sai don in zauna a cikin jar in kunna esi. Na ɗauki hotona a jikinta na tura wa matata, ta amsa da cewa ita dai wadda ba za ta tsaya da ita a hanyar asibiti ba. Na kawo makanike, ya buɗe bonet ɗin kowace, ya kara kunne, ya taka totur, ya ce duka injinan lafiya lau, in ɗauki wadda raina ya so. Muka tsayar da Asabar ƙarfe sha ɗaya zan zo in biya in ɗauki ja.

Ranar Alhamis mahaifiyata ta kira ni. Ta ce, "Baffanku ya ce a gaya maka, kada ka ba da kuɗi sai ya gani da idonsa."

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: kunya na ji. Mutumin da bai taɓa riƙe sitiyari ba, me zai gani? Na hango shi da malafa da sanda da takalmin roba a tsakiyar motoci, na hango dillali yana danne dariya. Amma ba a ce wa Baffa a'a, kuma shanun da za a biya da su shi ya san zafinsu.

Motar haya ta farko Baffa ya biyo ranar Asabar, rana ko gama fitowa ba ta yi ba ya yi sallama. Na ce ya huta ya sha koko, sai sha ɗaya aka ce mu je.

"Wa ya ce sha ɗaya?"

"Mai motar, Baffa."

"To yanzu za mu."

Matata ya juya ya yi wa bayani, don ya fi sakewa da ita. Ya ce mai sayar da sa, in ya san lokacin zuwanka, kanwa zai ba shi ya ɗura masa ruwa, ka zo ka tarar da ciki ya cika, gashi ya kwanta. In kana son sanin gaskiyar dabba, ka same ta inda ta kwana tun mai ita bai shirya ba.

Na kira abokina ya hau acaɓa ya same mu a can. Dillalin yana buɗe ƙofa kenan, da jallabiya da asuwaki a baki. Ganinmu bai yi masa daɗi ba.

"Yallaɓai, ai ko wanke su ba a yi ba."

"Haka muke so," in ji Baffa. "A matsar da su daga inda suka kwana."

Aka matsar. Ƙarƙashin jar a bushe ƙaƙas. Ƙarƙashin mai ruwan tokar kuwa ga tabon baƙin mai, faɗin tafin hannu. Abokina ya zungure ni da gwiwar hannu, ni kuma na ji wani sanyi a raina: shi ke nan, tsoho da kansa zai zaɓa mini abin da nake so. Baffa ya tsuguna, ya dangwali man da yatsa, ya murza, ya sunsuna, ya goge a ƙasa. Ya miƙe ya nuna wani fili mai yashi a bayan wurin.

"A kai su can."

Dillalin ya yi dariya. "Baba, mota ce fa, ba saniya ba. Ko haƙoranta za a buɗe maka?"

Akwai teburin mai shayi a gefe, mutanen da ke kan bencin suka kwashe da dariya. Abokina ya juya baya yana danna waya kamar bai san mu ba. Na dubi Baffa. Ko gezau bai yi ba, yana tsaye da sandarsa yana jira, amma na ga yadda ya ƙara damƙe ta. A nan kunyar da na taho da ita ta juye ta koma kaina. Na miƙa wa dillalin hannu na ce, "Ba ni makullan duka biyun. Abin da ya ce shi za a yi."

Baffa ya karyo reshen sabara ya share yashin ya yi sumul. Ya ce in miƙe sitiyari, in tafi a hankali, kada in karkata ko kaɗan. Na fara da mai ruwan toka. Ta madubi ina ganinsa yana biye da ni, kansa a ƙasa. Ya sake share wurin, na shiga ja, na yi yadda na yi da farko. Wannan karon bai biyo ni har ƙarshe ba. A tsakiya ya tsaya ya yafito ni da sanda.

Sawun mai ruwan toka layi biyu ne, tayar baya ta hau kan sawun ta gaba daidai. Na jar kuwa layi huɗu ne. Tayoyin baya duka biyun sun sauka a hagun na gaba, tazarar kamar yatsa uku, tun daga farko har inda na tsaya.

"Lafiyayyar saniya," in ji Baffa, "inda ƙafar gaba ta tashi, nan ta baya take sauka. In ka ga ta baya tana sauka a gefe, ta taɓa karyewa a ƙugu, ko da kitse ya rufe wurin. Wannan ta taɓa faɗuwa. Waccan mai ɗigar kuwa miki ne a fata, ana yi masa magani."

Dillalin ya rantse haka aka kawo masa ita, kuma mai yiwuwa gaskiyarsa ce. Na kira makanikena ya zo, muka kai jar kan rami ya shiga ƙarƙashinta da tocila. Bai yi minti biyar ba ya fito yana karkaɗe riga. Ya ce an taɓa yi wa shasinta walda a baya, an shafe da baƙin fenti. Za ta riƙa cin taya, kuma in ana gudu za ta riƙa jan mutum gefe. Ɗigar waccan kuwa wata roba ce ta gaji, aikin yini ɗaya. Sannan ya tambaya wane makaniken ne ya gano. Na nuna masa Baffa, wanda ya koma inuwa ya zauna a kan dutse yana jan carbi. Mutumin ya sosa ƙeya ya je ya durƙusa ya gaishe shi.

Kada ku ɗauka nan take na haƙura. Na yi kusan minti goma ina zagaya jar nan kamar wanda aka hana aure. Abokina yana raɗa mini cewa ai ana gyarawa, akwai masu miƙar da shasi a Kano. Na tuna esi, na tuna darakta. Sannan na tuna wa zan ɗora a kujerar baya, da abin da aka sayar kafin kuɗin nan ya shigo aljihuna. Na ce wa dillali ya kawo takardun mai ruwan toka.

Mutanen bencin shayi tuni sun taso sun zagaye sawun suna aunawa da yatsa. Wani direban bas a cikinsu ya ce, "Baba, don Allah ko za ka duba mini tawa?" Baffa ya ce, "Ni shanu na sani," ya nemi hanyar tasha. Na roƙe shi ya jira in kai shi, ya ce garke ba ya jira.

Motar tana nan har yau. Ita ta kai matata asibiti, ita ta dawo da jaririn, yanzu kuma ita ke kai shi firamare. Ta taɓa ba ni kunya sau biyu ko uku, batir ne da kuloci, babu wanda ya kwana. Gilashi har yanzu da hannu nake murɗawa, kuma abokina har yanzu yana zaginta, daga kujerar gaba, duk ranar da na rage masa hanya. Jar ban san inda ta ƙare ba, ban kuma bi sawu ba.

Na yi karatu daidai gwargwado, an taɓa kiran sunana a taro an tafa. Amma ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na safiyar nan ba, da na ga mutanen gari sun sunkuya suna koyon abin da mahaifina ya koya a bayan shanu. Abin da yake ɗan sosa mini rai shi ne saura kaɗan in hana shi zuwa, don kada a ga malafarsa.

Sati guda bayan an gyara ɗigar, na kwashi iyalina muka tafi ruga. Inda kwalta ta ƙare aka shiga hanyar yashi, sai ga Baffa a tsaye a gindin wata kuka. Bai taɓa fitowa tarona ba tun da nake. Na tsaya na buɗe masa gaba, ya girgiza kai.

"Wuce. A hankali."

Na wuce a giya ɗaya. Ya ɗora sandarsa a kafaɗa, ya rataya hannuwansa a kai, ya biyo mu a baya yadda yake biyo garke da yamma, har ƙofar gida. Yara suna leƙensa ta gilashin baya suna dariya, uwarsu tana tsawata musu. Mutanen gida suka fito. Ƙanin Baffa, wanda ba ya ganin abu ya ƙyale, ya zagaya motar ya taɓe baki ya ce, "Duk shanun nan uku, wannan tsohuwar aka samo?"

Baffa ya zo ya ɗora tafin hannunsa a gefenta, ya bubbuga sau biyu.

"Shanun malam ne," in ji shi. "Sun dawo gida, kuma ƙafarsu ƙalau."

Kowa ya fita ya bar ni a ciki. Na daɗe ina murɗa gilashin nan sama da ƙasa kamar ya maƙale, don kada a ga idona.