Allurar da Na Soka wa Karburatar Ba Ari

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safiyar wata Talata Ba Ari makanisiye, wato mai gyaran inji, ya cika a gidansa da ke Gure. Mu uku ne a kansa: matarsa Ya Falmata, limamin unguwa, da ni, Majo Isufu, ma'aikacin jinya na gidan likita. Bana shekara ashirin da shida ke nan. Akwai maganar da ya kamata in faɗa a ɗakin nan ban faɗa ba. Yau zan faɗe ta bi da bi.

Daga Tawa aka turo ni aiki, a gidansa na sauka. A lokacin muna da tsofaffin moto biyu, wato babura masu ƙafa uku da manyan tayoyi, su kaɗai ke hawa tudun rairayi su kai mu rugage yin allurar rigakafi. Bayan darajar kuɗinmu na sefa ta faɗi kayan gyara suka gagara, sai hannun Ba Ari ya zama shi ne kantinmu.

Aikinsa tsari gare shi. Da farko ya kwance karburatar ya jera kayanta a farin faranti daga dama zuwa hagu. Sannan ya jiƙa su da isansi, wato fetur, cikin gwangwanin tumatir. Daga nan ya ɗauki jiklar, ɗan ƙarfen nan mai ƙaramar huda da mai ke bi, ya busa da baki, ya ɗaga wa rana. In ta toshe, da gashin wutsiyar doki guda yake bin ta. Ƙarfe ba ya shiga hudar nan, yakan ce da ta buɗe ko kaɗan moto ya zama mashayi.

Wata safiya cikin bazara zan tafi rugagen makiyaya na Alakoss, an riga an zuba ƙanƙara a akwatin magani. Karburatar na kan faranti aka yi kiran jana'izar maƙwabcinsa. Ya ce in jira shi zuwa azahar. Ban jira ba. Na ciro allura daga aljihun rigar aiki na soka wa jiklar har haske ya fito sarai, na harhaɗa yadda na saba gani, na kama hanya. Sauri ya haifi nawa. Moto ya yi ta baƙin hayaƙi, mai ya ƙare tsakiyar daji, ƙanƙara ta narke, magani ya lalace. Raƙumi ne ya jawo mu gida. Kafin mu koma makiyayan sun tashi da 'ya'yansu, kuma a shekarar an yi ƙyanda.

Da shugabanmu ya tambayi wanda ke gyara, na ce Ba Ari ne. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba. Aka kira shi. Ya kwance karburatar gaban kowa, ya ɗaga jiklar ga rana, ya daɗe yana dubawa. Da muka fito ya ce mini a hankali, "Majo, allurarka ta mutane ce." Bai ƙara ba har ya koma ga Allah.

Aka janye masa aikin, aka riƙa kai moto Damagaram. Garin ya ɗauka cewa tsufa ya ci idonsa, masu babura suka daina zuwa. Ya koma faci da noman albasa a kwari. Ni kuwa shekara huɗu ina cin tuwon gidansa, ina gyara wa ƙananan ma'aikata kuskurensu da kakkausar murya. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen na wasu.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga garejin yau. Yanzu karburatar ta yi tari sai a jefar a sayo sabuwa, babu mai ɗaga komai ga rana. Ina jin ba zai yi faɗa ba, tsince su zai yi ya jera a faranti. Bai iya yar da abin da ke gyaruwa ba, ko ƙarfe ko mutum.

Watan jiya na je na durƙusa gaban Ya Falmata na faɗa mata duka. Ta ce ai tun daren ranar ta sani. Ya gaya mata cewa in aka kori baƙon nan, Gure za ta yi wata shida ba mai yi wa yara allura, shi kuwa ko ba gareji yana da kwari. Ta ce in tashi, gwiwata ba ta yaro ba ce.

Moto biyun nan sun zama tarkace, farantin tana shanya kuɓewa a kai. Abin da ya rage masa sunansa ne, shi ma ni na ɓata.

Saboda haka ina roƙon mai karatu abu guda. In kai ɗan Gure ne, ko ka taɓa jin an ce gyaran Ba Ari ne ya lalata maganin Alakoss, ka koma wurin wanda ya gaya maka ka gyara zancen. Ka ce Majo Isufu ne, da allurarsa. Sannan ka yi wa Ba Ari addu'a.