Ba Shi Ji

Shekarar da ruwa ya ƙi, aka riƙa rabon jar dawa da masarar taimako, ita ce shekarar da rediyon kunne ya shigo gidanmu a Zariya. Sojoji ke mulki. Ina goyon ɗiyata ta biyu, maigidana kuma yana tsaron injin niƙa na wani Alhaji mai motocin hatsi. Alhajin ne ya dawo daga tafiya ya miƙa masa abin kyauta. 'Yar akwati ce da ta ɗan ɗara tafin hannu, ana sa mata kaset da pil irin na tocila, ga siririyar igiya da ta ƙare da wasu 'yan soso biyu da ake kifawa a kunnuwa. Yaran unguwa ne suka sa mata suna rediyon kunne, sunan ya bi ta.

Da farko ban ƙi ta ba. Har ni an kifa mini, na ji mai kalangu kamar a tsakiyar kaina yake zaune, na cire da sauri ina dariya. Maigida ya ce ƙauyanci ne ke damuna.

Masarar nan ta taimako tauri gare ta, taɓarya ba ta iya mata, jar dawar ma haka. Don haka duk matan unguwa sai inji. Tun bayan asuba yake tayar da shi, ba ya kashewa sai an kira magariba, kuma duk wanda ya taɓa shiga rumfar ya san da hannu ake magana a ciki. Shi sai ya ce kiɗan ne ke riƙe masa kai. To amma kafin kiɗa ya rinjayi inji, sai an murza ɗan abin ƙarar nan har ya ƙure. Haka yake wuni, inji a waje, kalangu a ciki, kuma in ya dawo gida ba ya tuna ya rage.

Wata rana yana tabarma a ƙofar ɗaki, ina madafa, ina jin kiɗan tsaf har ina gane waƙar. Na leƙo na ce, "Malam, abin da ni ke ji daga nan, kai da shike cikin kanka fa?"

Ya ɗaga soso ɗaya ya ce, "Mi?"

Na maimaita. Ya ce ni dai so nake a ba ni aro, ya mayar da abinsa.

Ba a daɗe ba, wani marece bayan ya ci tuwo, ya tashi yana ɗaga tabarma, yana leƙa bayan tulu. Na tambaye shi abin da ya ɓata. Ya ce gyare ne ya shigo ɗaki, ya ishe shi da kuka. Na kasa kunne. Babu gyare, a farin nan ko ƙwarin ma sun yi shiru. Ya fita tsakar gida, ya ce gyaren ya biyo shi.

Ranar Juma'a muka tafi Tibiri gaida mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna. Ya ba ta labari yana 'yar dariya. Inna ba ta yi dariya ba. Ta ajiye ludayin da ke hannunta ta ce, "Kunne in shina kuka ai ambatonka a kai. Tun yaushe?"

Ya ce an kwana biyu, kuma ba ya tsayawa.

Ta ce, "To wa ka taka, ɗan nan?"

A zaman lafiya wannan magana ta wasa ce. Kunnenka ya yi kuka, a ce ana zancenka, ka ce Allah ya sa da alheri, shi ke nan. Amma a kwanakin nan ba wanda ke son a ambace shi ko da alherin. Akwai mai shayi a bakin layinmu da ya yi wata magana a kan rabon hatsi, aka zo da mota aka tafi da shi, da ya dawo ko gaisuwa a taƙaice yake amsawa. Kuma rumfar niƙa ita ce inda mata ke zage bakinsu a kan tsakin masarar nan da wanda aka ba da wanda aka hana. Maigida ya lissafa ya ga lallai wani ya ɗauki sunansa ya kai inda ake kaiwa. A hanyar dawowa, da muka shigo gari, ya ce, "Wane ne wanga da ba ya gajiya da sunana?"

Tun daga ranar ya daina zama a majalisa. Mota ta tsaya a layi, sai in ga ya miƙe. Abu ɗaya ne ke rufe masa kukan, rediyon kunne, don haka ya ƙara manne mata. Da ita yake cin abinci, da ita yake kishingiɗa, goro ma ya bari don ya sayi pil. In kaset ya ƙare, kukan ya dawo fiye da dā, sai ya juya kaset ɗin ya ƙara murzawa. Na yi magana, na yi faɗa, na ɓoye ta a cikin kwandon wanki, ya birkice mini ɗaki har ya gano. Wallahi ban taɓa ganin mutum mai haƙuri ya koma haka ba.

Abin takaici, su ma mutanen unguwa tsoronsa suka fara ji. Mutum da igiya a kunne, an yi masa sallama ba ya amsawa, ya daina hira da kowa. Aka fara raɗa cewa sauraro yake yi wa hukuma, akwatin nan da ita yake aika rahoto. Mata suna shiga rumfar sai su kama bakinsu. Shi kuma ya ga sun yi shiru da ganinsa, ya ce ai ga shi nan, sun san abin da ake shirya masa.

Ni ranar da na tabbatar, ba ya ma sanye da ita. Yana zaune yana gyaran takalmi, babbar ɗiyar ta faɗo daga kan turmi a bayansa, ta tsala ihu, bai waiwaya ba. Na rarrashe ta, sannan na tsaya a bayansa na kira shi. Shiru. Na ɗaga murya. Sai da na zagayo ta hagu ya ɗago kai. Kunnen dama, wanda ke fuskantar inji in yana zuba hatsi, ya riga ya yi nisa. Na hagun ne ke ɗan riƙe da mu. Na koma madafa na zauna, don na ga mutumin da ke ciyar da mu yana tafiya a gabana ba tare da ya tashi daga inda yake ba. Na ce masa mu je gidan likita. Ya ce wannan ba ciwo ba ne, baki ne, kuma Inna ta aiko da rubutu.

Ana cikin haka yayana da ke da 'yar gona a noman rani na Jiratawa ya aiko mu zo mu karɓi ɗanyar masara da kabewa. A shekarar nan ba a yi wa irin wannan kira nawa. Muka tafi a keke da safe. Da za mu dawo, buhu ya cinye mazaunina, sai muka taho a ƙasa, shi yana tura keken, ni ina biye da goyo.

Kafin a shigo gari akwai shinge, ganga biyu da igiya, da sojoji a gindin bishiya. Ɗaya ya taso ya luma hannu a buhun, ya zari masara biyu, ya sauke igiya. Maigida ya yi godiya, ya wuce, kuma don ya kwantar da bugun zuciyarsa ya mayar da soson kunnuwansa. Ni na tsaya gyara majanyi, ɗiyar ta zame.

Sai wani sojan da ke kwance a kan benci ya tashi zaune. Ban san abin da ya gani ba, wataƙila igiyar kunnen ce. Ya ce, "Kai, mai keke."

Maigida na tafiya.

Ya sake kira, ya busa usur. Maigida na tafiya abinsa, ƙeyarsa kawai muke gani. Sojan ya miƙe, ya sauke bindiga daga kafaɗa, na ji ƙarar ƙarfen nan da ya ɗana ta. Har yau in aka ja sakatar ƙofa da ƙarfi sai in tuna ta. Na tafi da gudu na zube a gabansa na ce, "Ranka shi daɗe, don Allah. Ba shi ji ne."

Ya dube ni. Ya ce, "Ba shi ji ko? To ai mu don marasa ji aka ajiye mu nan."

Kowa ya san abin da ake nufi in an ce yaro ba shi ji. Ni kunne nake nufi, shi taurin kai ya ɗauka. Daga baya mata suka yi ta ce mini da kurma na ce da an wuce wurin. To su faɗa. Wace mace ce za ta buɗe baki a bakin hanya ta kira mijinta kurma, alhali ko a zuciyarta ba ta yarda ta furta ba? Kuma a lokacin bai zama ba tukuna.

Sojan ya bi shi ya damƙo wuyan rigarsa ta baya. Keke ya faɗi, masara ta watse a kan kwalta. Maigida ya juyo ya ga kaki, na ga fuskarsa ta mutumin da ranar da yake jira ta zo. Ya ɗaga hannuwa ya ce, "Wallahi ban ce komi ba."

"Wa ya tambaye ka?" in ji sojan. Ya fizge igiyar. "Da wa kake magana da wannan?"

Ya kara soson a nasa kunnen, ya janye kai da sauri, don kalangun ya doke shi. Abokansa suka yi dariya, dariyar ce kuma ta ƙara tunzura shi. Ya ɗaga hannun dama ya kwashe maigida da mari, tafin ya sauka daidai kan kunnen hagu. Maigida ya durƙusa. Na ga siririn jini ya biyo wuyansa. Wanda ya sauke mana igiya da farko ya ce a bar su su tafi, aka jefo mana akwatin a ƙasa. Muka tsince masarar ɗaya bayan ɗaya, ban bar ko guda ba.

Washegari bai yi gardamar zuwa gidan likita ba. Wani dattijon ma'aikaci da ake ce wa majo ya haska kunnuwan da 'yar fitila. Ya ce na hagu fatar ciki ce ta yage, tana iya haɗewa, amma kada mu sa rai da yawa. Na dama kuwa ba mari ba ne. Ya ɗauki akwatin ya jujjuya, ya tambaye ni ko ina jin kiɗan in yana saurare. Na ce daga madafa nake ji. Ya girgiza kai. Ya ce duk lokacin da na kusa da kai ya ji abin da ke cikin soson, ƙarar ta wuce kima, kuma mafi muni shi ne a sa ta don a danne wata ƙarar. Ya ce a rumfar inji auduga ake cusawa, a riƙa fita ana hutar da kunne. Kukan kuma ba bakin kowa ba ne, kunnen ne da kansa ya gaji. "Abin da ya mutu a ciki ba ya dawowa," ya ce, "ku tsare wanda ya rage."

Duk wannan ni aka gaya wa. Sai da na kafa baki a kunnen maigida na dama, wanda jiya shi ne mara kyau, na maimaita masa da ihu, marasa lafiya na kallonmu. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To shi majo ya san wanda ke ambatona?"

Na jefa akwatin a ƙasan kwalla na ɗora wasu a kai. Bai nema ba. Ya koma inji da auduga a kunne, don babu wani aikin a shekarar.

Da damina ta kewayo, wani la'asar hadari ya haɗo ta gabas, wannan karon bai watse ba. Ruwa ya sauko a kan kwanon ɗakinmu da ƙarfinsa. Yara a layi suna tsalle, ni ina ta jera bokitai da tukwane a bakin indararo, ina kuka ina dariya. Sai na tuna maigida na ɗaki yana kwance, labule a sake. Na shiga jiƙe sharkaf. Na same shi zaune a gefen gado, ya toshe kunnuwa da hannu biyu, gumi na zuba.

Ya ce, "Yau masu ambaton nawa sun taru. Ban taɓa jin su da yawa haka ba. Ɗauki yaran nan ki tahi Tibiri."

Na ce ruwa ne. Ya tsaya yana kallon bakina. Na kama hannunsa na ɗora a kan zanena da ke ɗiga, sannan na ja shi zuwa ƙofa na yaye labulen. Ya daɗe a tsaye. Ya fita tsakar gida da rigarsa, ya ɗaga fuska sama, ya dubi kwanon, ya yi dariyar da rabona da ji tun kafin gyaren nan. Da sanyi ya kama shi ya dawo ya canja kaya, ya kwanta ya juya wa ƙofa baya.

Can ruwan ya ɗauke. Rana ta ɗan leƙo, kaji suka fito suna shan ruwa a kwatami, garin ya yi tsit. Na shiga in ɗauki tsintsiya, na zaci ya yi barci. Sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ikon Allah. Har yanzu ana ruwan?"

Na saki labulen. Na sunkuya daidai kunnensa na dama na ce, "Ana yi, Malam. Kwanta abinka."