Wankan Jego a Hawa na Sha Ɗaya

Ni ban yi boko ba, kuma ban taɓa sha'awar jirgin sama ba. Haihuwa ce ta kai ni Kuala Lumpur. Jikata, 'yar babban ɗana, ita ta haihu a can, uwarta kuwa ƙafa ta hana ta tafiya. Aka duba dangi kaf, aka ga babu wadda ta san wankan jego kamar ni. Na ɗaure kanwa da gero da yaji a ƙasan jaka, na tafi.

Mijinta karatu yake yi, ita ma karatu take yi. Da na tambayi nata, sai ta ce Sifaniyanci. Na ce yaren mutanen garin ke nan? Ta ce a'a, su Malayanci suke yi. Na ce to masu yaren da take koya suna kusa? Ta ce ai mu a Kano mun fi kusa da su. Wato yarinya ta tsallake teku ta zo garin wasu, don ta koyi bakin wasu da ta bari a baya. Na ƙyale ta, tunda ubanta ya yarda.

Gidan yana unguwar Pantai Dalam, hawa na sha ɗaya. Babu tsakar gida, babu murhu, babu icce. Na sa mijin ya kai ni kasuwar Chow Kit, muka sayi tukunya mafi girma, irin ta gidan biki. Darbejiya kuwa wajen wata Ba'indiya na gan ta. Na nuna da yatsa, ta nuna da yatsa, muka rabu lafiya. Safe da la'asar ruwa ya tafasa a kan gas, in tsoma ganye in fyaɗa mata a banɗaki. Tana ihu da Hausa, wani lokaci da yaren makarantar.

Kwana ashirin da uku da haihuwa ta zauna gabana tana murza gefen zani.

"Kaka, jibi ina da jarrabawa. Ta baka ce, hira za a yi da ni."

"Sai ki aika musu cewa kina jego."

"Kaka, in ban yi ba shekarar ta tafi. Takardar zamana da karatun take haɗe. Sai dai mu koma gida tare da ke, in bar maigidana a nan."

"Ke, ƙafarki ba za ta taka waje ba sai kin yi arba'in. Uwarki ma haka na yi mata, ga ta nan da ranta."

"Ga ta nan da ciwon ƙafa dai."

Na ce wannan na tsufa ne, kada ta ɗora wa ruwana.

Mijin ne ya yi ta kai da kawowa da takardar asibiti, har malaman suka yarda a yi ta kwamfuta, tana ɗakinta. Amma lokacin da suka sa ya faɗo daidai wankan la'asar. Ta roƙe ni, ta haɗa ni da Allah, kada in shiga. Na ce na ji.

Ranar na ɗora ruwa kamar kullum, na goya jariri, na zauna bakin ƙofa. Da fari ina jin ta tana zuba, harshe na kaɗawa kamar ana tankaɗe. Can sai maganar ta fara tsinkewa. Can sai shiru. Na san shirun yarinyar nan tun tana rarrafe. In ta yi irinsa, kuka ne ke tafe. Daga baya ta gaya mini wai malaman ne suka ce ta ba da labarin hutun da ta yi a bakin teku. Mai jegon da ba ta runtsa ba mako uku, ina ta ga teku?

Na tura ƙofa, ganye a hannuna yana tururi. Sai na ga baƙi biyu cikin gilashin kwamfutar, wata mace mai gajeren gashi da wani dattijo mai hula. A inda na tashi, duk wanda ya shigo ɗakin mai jego barka ya zo, kuma ba a barin ɗan barka ya tafi bai ga jariri ba. Na kwance goyo, na gyara masa hula, na miƙa shi gaban gilashin. Na gaishe su, na tambayi gida, na tambayi gajiya.

"Kaka, don girman Allah," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa.

"Faɗa musu namiji ne."

Macen ta dafe ƙirji ta yi wata doguwar magana. Jikata ta share ido ta amsa. Macen ta nuna ganyen hannuna. To, nan fa aka buɗe. Na yi bayanin tafasa ruwa, da fyaɗa ganye, da kunun kanwa, da gasasshen nama, ita tana juyawa. Inda ta rasa kalma sai ta zagaya ta kwatanta, har da hannu.

Ashe malamar daga wata ƙasa take can bayan Amurka, kuma su ma arba'in suke yi. Na ce madalla, ashe mutanen kirki ne. Sai ta ƙara da cewa kakarta romon kaza take bayarwa, a toshe kunne da auduga, kuma a guji wanka.

"Kwana arba'in?" na ce. "Ba wanka? Tambaye ta mazansu a ina suke kwana."

"Kaka, wannan ba zan faɗa ba."

"Faɗa yadda na faɗa. Ba jarrabawa kike yi ba?"

Ta faɗa. Malamar ta yi dariya har ta fita daga gilashin ta dawo. Dattijon, wanda ɗan ƙasar da muke ciki ne, ya ɗaga yatsa cikin ladabi ya ce su nasu kwana arba'in da huɗu ne. Wannan ya ɗan taɓa ni, don ban saba a fi mu ba. Na ce a gaya masa mu ma muna ƙarawa in mace ta yi rauni.

Muka fi rabin sa'a. Ni na sallame su, don ruwa ya fara hucewa.

Kwana tara ba ta yi mini maganar kirki ba. Ta ce na watsa ta gaban malamai, ta ce ta yi kuskure ya fi a ƙirga, ta fara ware kayan jariri da za su shiga jakata. Ni ma a raina ban natsu ba, sai dai ban nuna ba. Ran na goma tana shan kunu waya ta yi ƙara. Ta duba, ta sake dubawa, ta ajiye kofin.

"Na tsallake," ta ce. "Da ƙyar, amma na tsallake."

Na ce alhamdulillahi. Sannan na ce ta fitar mini da kayan yaron daga jakata, sun danne mini tsarabar mutane.