Cajin da ya daina raguwa

Shekarun baya ne wannan ya faru, kuma gara in faɗa tun yanzu cewa ba lallai komai ya zauna a kaina daidai ba. Damina ce dai, wannan ina da tabbaci, domin gero ya kai ƙugu, ni kuma ina tsakanin gona da wata makaranta da nake ɗan koyarwa.

Ina da wata tsohuwar laftof da na yi karatu da ita. Ta yi nauyi, amma abin da ya fi damuna shi ne batirinta. Garinmu ba wuta, don haka a makaranta nake cika ta da caji, in kawo gida in ajiye a ɗakin mahaifiyata, saboda ƙofar shagon da nake kwana ba ta kulluwa. Duk ranar da na wuni a gona, in na dawo sai in tarar cajin ya ragu, alhali a kashe na bar ta.

Abokina, wanda muka yi karatu tare a Bici, ya ce in sauke tsarin da ke kanta in ɗora Linux. Ban taɓa jin sunan ba. Ya ce ba shi da nauyi, kuma kyauta ne. Na tambaye shi ko kyautar gaskiya ce, ko irin wadda ake satowa a kira ta kyauta. Ya ce masu shi ne suka sakar wa kowa. Da na sake tambaya a karo na gaba sai ya ce, "Malam, ko fatawa za mu nemo maka?"

Tsorona ɗaya ne. A azuminsa na ƙarshe kafin ya rasu, na ɗauki muryar mahaifinmu yana karatu a zaure, kuma a cikin laftof ɗin take. Na kwafe ta a filas na kwamfuta, na kwafe a waya, na kwafe a kwamfutar abokina, na bi kowanne na kunna. Sannan na yarda aka ɗora sabon tsarin. Da tsarin ya nemi kalmar sirri, na zaɓi doguwa mai haɗe da lambobi, wadda ni kaina sai na nutsu nake shigar da ita.

Kwanakin farko na sha wahala. Wurin kashe ta ma sai da na nema. Akwai wani baƙin allo da ake rubuta umarni a ciki, ba na taɓa shi sai na kira abokina. Amma ta yi sauri, cajin kuma ya daina raguwa. Yadda na bar shi da safe haka nake tarar da shi da yamma. Na riƙa ba malaman makarantarmu labari, har ina jin na ba wasu shawara su ma su koma.

Ana nan sai gwaggona ta zo suna daga wajen Bagwai, ta yi mana ’yan kwanaki. Wata la’asar ta same ni a ƙofar shago ta ce, "Kai, me ka yi wa akwatin nan naka?"

Na fara yi mata bayanin Linux. Ta katse ni, ta ce ba wannan ta tambaya ba. Ashe ƙanwata, kafin a kai ta ɗakinta, ta nuna wa mahaifiyata yadda ake kunna laftof ɗin: a danna nan, a jira, a kai yatsa kan wani koren hoto a gefen hagu, a taɓa sau biyu. In na tafi gona, sai ta kunna karatun mahaifinmu tana ɓarar gyaɗa. Yanzu kuwa in ta kunna, wani ɗan gurbi ne yake fitowa ya tsaya, komai ta danna ba ya wucewa. Ta ɗauka na lura ne na kulle.

Na ce ai da ta gaya mini.

"Ta ce maka me?" in ji gwaggo. "Ita da ko sunanka ba ta kamawa, ita ce za ta ce maka tana son jin muryar ubanka?"

Ni ne ɗan fari. Ban san yadda na manta da wannan a lissafina ba.

Na kira abokina na ce ina so in cire kalmar sirrin. Ya yi dariya, ya ce wadda na tsare kamar ƙofar banki? Ya nuna mini yadda za ta riƙa buɗewa kai tsaye. Na kira ƙanwata ta kwatanta mini hoton da inda yake, na samo mai kama da shi na ajiye a nan. Daga nan na tsaya a tsakar gida na ce wa gwaggo, da ɗan ɗaga murya, laftof ɗin nan ta koma yadda take a da. Mahaifiyata tana bakin murhu, ta ba mu baya, ba ta waiwayo ba.

Washegari na tafi gona. Da na dawo, cajin ya ragu kusan rabi.

Har yau Linux nake amfani da shi, kuma ina ganin ya yi mini, ko da yake ba zan ce zai yi wa kowa ba. Abin da kawai nake gaya wa mai son komawa shi ne, bayan ya kwafe kayansa, ya bincika ko akwai wani mai taɓa na’urar ban da shi. Maganar batir kuwa na daina yi, domin ban san gaskiyarta ba.

Abokina da ƙanwata suna karanta abin da nake rubutawa, gwaggo kuma ana iya karanta mata. In na sauya wani abu, don Allah su aiko mini da gyara. Mahaifiyata kam na san ba za ta aiko da komai ba.