Mai Amshi a Rumfar Faifai

Wata mata tana zaune a benci tana jan carbi, tana jiran mai gyara ya gama da rediyon marigayi mijinta. A rumfar da ke kusa, mai sayar da faifai ya sa wani faifai da aka tara tsofaffin waƙoƙin da ba su yi tashe ba. Sai ga wata tsohuwa ta tsaya cak, ledar cefane a hannu. Siririya ce, mayafinta ya koɗe, takalminta ya sha ɗinki.

Mai carbin ta lura da wani abu: in mawaƙin yana rerawa, bakin tsohuwar a rufe yake. Amma dab da amshi sai ta ja numfashi, ta ɗaga haɓa, ta shigo daidai da 'yan matan cikin faifan. Wannan ya wuce sauraro, aiki ne da jiki bai manta ba. Ikon Allah! Ashe baiwar Allah nan ta taɓa tsayawa bayan mawaƙi?

Mai rumfar ya kai hannu zai canza waƙar. "Wannan ko kyauta ba mai so."

Tsohuwar ta dafa teburin. "Don Allah, ɗan nan, bar ta ta kai ƙarshe."

"Ah, Mama, tsohon saurayi aka tuno ne?"

Ba ta yi dariya ba. Ta nuna lasifikar da yatsa. "Ka ji siririyar muryar nan ta sama? Ƙanwata ce. Ko hotonta ba ni da shi."

Ya janye hannunsa, ya ƙara sauti.