Gidan Zanzaro a Cikin Bindiga

Baƙon yana tsaye a ƙofar maƙera, hula a karkace, tsohuwar bindiga a kafaɗa, bakinsa ba ya hutawa. Wai birai sun cinye masa rabin masara, wai kunamar bindigar ce ta ci amanarsa jiya.

"Ni fa, maƙeri, ba na kuskure!"

Maƙerin yana kallon hannuwan nan masu laushi. Da gani wani ke riƙe masa fartanya. Maƙerin ya karɓi bindigar ya gwada kunama, lafiyarta ƙalau. Ya zura sandar ƙarfe a bututun, sai busasshiyar laka ta zubo, har da mushen zanzaro.

"Yallaɓai, da ka ja kunamar nan jiya, da yau ana zaman makokinka. Ɗauki abarka, birai na can suna ƙarasa masarar."