Ranar da Gwaggo Ta Fito da Madubi

Shekara ashirin da shida Gwaggo ta yi a ɗakin gwajin jini na asibiti, ido a kan madubin duba ƙwayoyin jini, yatsa a kan maɓallin ƙirga. Yaran gida suna ce mata Gwaggo Ƙididdiga, don ko ƙwai ta saya sai ta ƙirga sau biyu. Ba ta da yawan fara'a, amma ba ta taɓa rubuta abin da idonta bai gani ba.

Aikinta shi ne ta ɗiga jini a gilashi, ta shafe shi siriri, ta rina, sannan ta ƙirga fararen ƙwayoyi ɗari, ɗaya bayan ɗaya. Har suna ta raɗa musu. Masu tsinkakken ciki, waɗanda ke yawaita idan jiki ya ɗau kumburi, su ne "mafaɗata". Ƙananan dunƙulallun kuwa "masu gadi".

Da korona ta shigo, Gwaggo ta lura da wani abu. Duk wanda mafaɗatansa suka cika gilashi, masu gadinsa suka ƙare, to ko da ƙafarsa ya zo yana raha, bayan kwana uku ko huɗu sai numfashi ya gagare shi. Takan rubuta hakan da jan biro a gefen takarda. Magatakarda kuwa jimillar yawan fararen ƙwayoyin da ke cikin jinin kawai yake kwafa, ya jefa takardarta a kwali.

Sai ga Yaya, wanta direba, ya zo da zazzaɓi da ɗan tari. Gwaji ya nuna korona ce. Ita ta ƙirga jininsa. Mafaɗata tamanin da tara, masu gadi shida. Ta sake ƙirgawa, haka ya sake fitowa. Amma jimillar ta fito daidai, kuma ita kaɗai ta isa gaban likita. Aka ce ya je gida ya huta.

"Auta, ki bar ni in tafi," in ji Yaya. "Ƙalau nake, ko mota sai in tuƙa."

"Za ka tuƙa makara! Zauna a bencin nan, kada ka motsa."

Ta sami likita, yaron da bai fi sa'an ɗanta ba, ta nemi a kwantar da Yaya. Ko kai bai ɗaga ba.

"Malama, ke ƙirga ce aikinki. Gado biyu suka rage mini, ba zan ba mai tafiya da ƙafarsa ba don wanki ne."

Don wanta ne! Maganar ta soke ta har ƙashi. Mutum nawa ta ja wa jan layi waɗanda ko sunansu ba ta riƙe ba? Nawa aka sallama, aka dawo da su a kwance?

Ta koma ɗakin gwaji, ta cire wayar madubi daga bango, ta rungumo shi kamar jariri. Ta ratsa tsakar asibiti ana kallonta, mai tsaron ƙofa yana "Gwaggo, doka fa!" Ta dire shi a kan takardun likita, ta jona.

"Leƙa. In ka samo mini masu gadi goma a cikin ɗari, ni da kaina zan kai shi gida."

Ya leƙa don ya rabu da ita. Ya daɗe yana juya gilashin. Can ya ja takarda ya rubuta a ba Yaya gado.

A kwana na uku ƙirjin Yaya ya toshe. Tukunyar iskar taimakon numfashi tana daidai kansa, shi ya sa ya kai labari. Kwana goma sha tara ya yi, ya fito ya rame kamar sanda, yana neman shayi.

Ita kuwa wasiƙa aka ba ta: ta fitar da kayan aiki ba izini, ta yi wa na gaba tsaurin ido. Aka mayar da ita wankin kwalabe, nan ta ƙarasa shekara biyun da suka rage mata kafin ritaya. Babu wanda ya ce mata sannu, balle yi haƙuri.

Yaya ya so ya je ya roƙa mata. Ta tare ƙofa.

"Ka roƙi wa? Numfashin da na ƙwato maka ne za ka je ka ɓata a gabansu? Koma ka zauna."